Tsohon kare mai cutar Kushin: a sa shi a magani, a yi jinyarsa a gida, ko a hutar da shi?

Bokitin ruwa ne ya fara tona asirin ciwon. A 'yar gonar kajina da ke kan hanyar Dutsin-Ma, mai gadi kan cika wa karena Goje tsohon bokitin fenti da safe, ruwan ya kai shi har washegari. Sai aka wayi gari kafin la'asar bokitin ya ƙafe. Da yake watan Afrilu ne, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, duk muka ce bazara ce. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, shan ruwa bai ragu ba. Karen da bai taɓa ɓata makwancinsa ba ya koma fitsari ko'ina. Ga ci kamar an aiko shi: ya fasa buhun dusa, ya shiga satar ƙwai, abin da ko yana ɗan kwikwiyo bai yi ba. Cikinsa ya zazzago ya yi tumbi, cinyoyinsa suka rame, gashi ya zube a kwiɓinsa biyu daidai wa daida kamar an auna, kuma ba ya susa. Cikin dare, babu rana babu gudu, sai ka ji shi yana haki. Shekararsa 11 a lokacin. Ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida, ubansa irin na Turawa.

Sunan da likitan dabbobi ya kira daga baya shi ne cutar Kushin, daga sunan Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi cikakken bayaninta a jikin mutane a 1932. Kusa da kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal, ita ke fitar da sinadarin kotisol, wanda jiki ke buƙata ɗan daidai don jure wahala da daidaita suga. A ƙasan ƙwaƙwalwa kuma akwai wata 'yar mitsitsiya, fituwitari, ita ke ba adirinal umarnin yawan abin da za ta fitar. A cikin karnuka 100 masu wannan ciwo, 80 zuwa 85 ɗan ƙari ne ya fito a fituwitari yana ta aika umarni ba hutu. Sauran kuma ƙarin a jikin adirinal ɗin kanta yake, kuma kusan rabin irin waɗannan ciwon daji ne. Ko ta ina ya biyo, sakamakon ɗaya ne: kotisol ya yi yawa, yana zaizaye tsoka, yana sirantar da fata, yana kumbura hanta, yana raunana garkuwar jiki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu shan "sha ka fashe" ke kumbura fuska da ciki alhali hannu da ƙafa ba su bi ba, ya ga irin wannan aiki, don ƙwayar deksa da ake sha a yi ƙiba 'yar'uwar kotisol ce.

Wannan ya kai ni ga labarin Kawuna na Daura, tsohon mafarauci. Da na kwatanta masa halin da Goje ke ciki, ya ce, "Kai yaro, ai abin da ke damun karyata ke nan." Na je na gan ta: tumbi, sanƙo a kwiɓi, ƙishirwa, komai iri ɗaya. Na ce, "Kawu, wane magani kuke ba ta?" Ya shiga ɗaki ya fito da ledar ƙananan ƙwayoyi. Deksa ce. Wata bakwai yana jefa mata a cikin tuwo saboda ƙaiƙayi, wani mai shagon magani ne ya ba shi. Ita tata Kushin ɗin da hannu aka ɗora mata. Likita ya tsara yadda za a riƙa rage ƙwayar sannu a hankali tsawon makonni, don yanke ta rana ɗaya kan iya kashe dabba, tunda adirinal ɗinta ta riga ta kwanta barci. Bayan wasu watanni gashi ya dawo. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, bincika abin da ake ba karenka: deksa, firednisolon, allurar ƙaiƙayi, har man shafawa da maganin ɗiga wa kunne masu irin wannan sinadari. Tambayi yara, tambayi mai gadi.

Kuma ba kowane tumbi da ƙishirwa ne Kushin ba. Ciwon suga da ciwon ƙoda na sa yawan shan ruwa. Tsohuwar karyar da mahaifarta ta tara mugunya ita ma haka, kuma wannan tiyatar gaggawa yake so. Tsutsar ciki da ciwon zuciya na kumbura ciki. Kirci na zubar da gashi, sai dai shi da susa yake zuwa. Gwajin farko a gida za ka yi shi: auna ruwan da yake sha kwana uku a jere, ba a tsakiyar bazara ba. Idan ya haura mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa a yini, akwai matsala. Kare mai kilo 20 ke nan ya sha fiye da lita 2, wato sama da ledar fiya wata huɗu. Sauran aikin na asibiti ne: gwajin fitsari, gwajin jini na hanta da ƙoda da suga, sai gwajin tabbatarwa. A ɗaya daga cikinsu ana ɗibar jini, a yi wa karen 'yar allurar deksa, a sake ɗiba bayan awa 4 da awa 8, a ga ko kotisol ya sauka kamar yadda yake sauka a jikin lafiyayye. A ɗayan kuma allurar da ke zaburar da adirinal ake yi, a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya. Hoton ciki shi ke nuna ko adirinal ɗaya ce ta yi ƙari ko duka biyun ne suka kumbura. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Kafin ka ɗora tsohon kare a mota, sa likitanka ya kira ya ji wane gwaji ake iya yi a ranar, ko kuma a ɗebi jinin nan Katsina a aika shi cikin ƙanƙara.

In an tabbatar, nan shawara take farawa.

Maganin da aka fi amfani da shi yanzu shi ne tirilostan, wanda ake sayarwa da sunan Vetoryl, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don karnuka a 2008. Kafso ne da ake bayarwa kullum tare da abinci. Ba ya taɓa ƙarin, toshe hanyar haɗa kotisol kawai yake yi, kuma ƙarfinsa na gushewa kafin gari ya sake wayewa. Ma'ana karen zai sha shi har ƙarshen ransa. A wurin Goje, cikin mako biyu bokitin ya fara kai wa dare, satar ƙwai ta tsaya, hakin ya ragu. Gashi kuwa sai da aka yi wata huɗu kafin ya fara tsirowa, tumbin ma bai taɓa komawa gaba ɗaya ba. Wani abin da likita ya gargaɗe ni a kai ya faru: da kotisol ya sauka, ciwon gaɓoɓin da yake dannewa ya fito fili, karen ya fara ɗingishi da sanyin safiya.

Wahalar wannan hanya ba a haɗiyar kafso take ba, a bibiya take. Ana son gwajin jini bayan kwana 10 zuwa 14 da farawa, sai a mako na 4, sai na 12, daga nan duk wata uku. Gwaji shida ke nan a shekarar farko, ban da wanda za a ƙara duk lokacin da aka canza yawan maganin. Kwalin kafso 30 wata ɗaya yake yi wa mai shan ɗaya a rana, kwali 12 a shekara, kuma daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa na bin dala. Babban kare ya fi ƙarami cin magani, mu kuma karnukan gadi da na farauta muke ajiyewa. Dalilin gwajin ba neman kuɗi ba ne: idan maganin ya yi yawa kotisol na faɗuwa ƙasa da kima, kare ya daina ci, ya yi amai da zawo, ya yi laushi, yana iya faɗuwa ya mutu. Ƙa'idar da likita ya rubuta mini a bayan kwali ita ce, ranar da ya ƙi abinci ko ya yi amai, kada a ba shi, a kira shi. Mace mai ciki kada ta taɓa kafson, kuma ba a buɗe shi a zazzage garin.

Akwai tsohon magani, mitoten, mai sunan kasuwa Lysodren, ɗan'uwan maganin ƙwari na DDT ne ta wajen haɗi. Shi cinye sashen adirinal yake yi. Ana ba da shi kullum na kimanin mako guda, da zarar kare ya ɗan yi jinkiri a gaban kwano sai a tsaya a gwada, daga nan a koma bayarwa mako-mako. Idan aka zarce, ɓarnar na iya zama ta dindindin. Wanda karensa ke gona a hannun mai gadi, shi kuma sai Asabar da Lahadi yake leƙawa, wannan magani ba nasa ba ne. Tiyata kuwa, cire adirinal mai ƙari na iya warkarwa idan bai bazu ba, amma aiki ne mai hatsari da ke son ƙwararru da kayan aiki. Cire fituwitari 'yan wurare kaɗan ne a duniya ke yin sa, irin su Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan. Ga tsohon kare a Katsina, na cire wannan daga lissafi.

Wani zai ce maka ketokonazol, ƙwayar nan ta makero da ake samu a kyamis, tana rage kotisol. Gaskiya ne tana ragewa a wasu karnukan, amma ba ta kai waɗancan ba, kuma tana iya taɓa hanta, hantar da ciwon ya riga ya kumbura. Idan likita ne ya zaɓe ta yana duba jini, to. Idan kai ne za ka saya ka riƙa kintatawa, ka bari.

Abin da mutane da yawa ba sa so su ji shi ne: maganin ba ya mayar da tsoho yaro. Karnukan da ake yi wa magani, ko da tirilostan ko da mitoten, tsaka-tsakin abin da suke ƙarawa bayan gano ciwon kimanin shekara biyu ne, wasu su zarce, wasu ba sa kaiwa, kuma da yawa wani ciwon tsufa ne daban ke ɗauke su. Abin da kuɗinka ke saya shi ne dare ba haki, makwanci a bushe, fata mai iya warkewa.

To, idan ba a sa shi a maganin ba fa? Nan ne nake ganin ana yi wa masu ƙaramin ƙarfi rashin adalci, a sa su ji kamar sun yi zalunci. Kushin a karan kansa ba ciwo ne mai raɗaɗi ba, kuma tafiyar hawainiya yake yi. Karen da alamunsa ba su tsananta ba, yana ci, yana zagaya gida, yana haushi in baƙo ya taɓa ƙofa, zai iya yin watanni masu yawa cikin rufin asiri da jinyar gida. Amma jinya ce ta gaske, ba sakaci da aka canza wa suna ba. Ruwa kada ya yanke masa ko na awa ɗaya. Rage masa ruwa don fitsari ya ragu zalunci ne, kuma yana iya kashe shi. A kwance shi daga sarƙa, ko a tsawaita ta yadda zai yi fitsari nesa da inda yake kwana. Inuwa mai iska a bazara, buhu ko tsohon bargo a hunturu, tunda gashin da ke kare shi ya tafi. A rage masa maiƙo da kitse, a raba abincin kashi biyu ko uku, a rufe rumbun dusa. A bi jikinsa da hannu kowane mako ana neman kaska da ƙuraje, don fatarsa ta yi siriri, ɗan ƙwarzane sai ya zama gyambo, kuma da damina ƙuda na zuba masa tsutsa cikin kwana biyu. Duk 'yan watanni a kai fitsarinsa a duba, saboda ciwon mafitsara na kama irin waɗannan karnuka ba tare da sun nuna alama ba.

Kasadar wannan hanya ita ce abin da kotisol ke yi a ɓoye: hawan jini, lalacewar ƙoda, ciwon suga da ke shigowa wasu daga cikinsu, da gudan jini da kan toshe jijiyar huhu kare ya kasa numfashi farat ɗaya. Maganin ma bai kawar da waɗannan gaba ɗaya ba, rage su yake yi.

Da za ka zaunar da ni ka ce in zaɓa maka, tambaya biyu zan yi. Ciwon ya hana shi sakat, ko kai ne kamanninsa ke damu? Sanƙo da tumbi ba su dami kare ba. Ƙishirwar da ke tashinsa sau biyar a dare, da gyambon da ya ƙi warkewa, su ne suka dame shi. Ta biyu, za ka iya riƙe magani da gwaji shekara biyu ba yankewa, har a watan da kuɗin makarantar yara da na taki suka haɗu? Idan ciwon ya tsananta kuma aljihu zai ɗauka, tirilostan ya cancanci kuɗinsa, ni shaida ne. Idan alamun da sauƙi, ko kuwa ka san kwali biyu za ka iya saye ka tsaya, riƙe jinyar gida da kyau ya fi. Mafi muni shi ne a sayo maganin ta hannun wani ɗan'uwa da ke waje, a riƙa bayarwa yau a fasa gobe, babu gwaji ko ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Goje ya yi wata 14 a kan magani. Daga nan ƙafafun baya suka fara cin amanarsa. Sai an tallafe shi yake miƙewa, wani lokaci ya tsaya ya kafa kai a bango, ko ya riƙa zagaye wuri ɗaya. Likita ya ce alama ce ta ƙarin ya girma yana danne ƙwaƙwalwa. (A nan in ja kunne: kare ya canza hali kwatsam, yana dalalar da yawu ko yana kai cizo, kada ka ce tsufa ne ko Kushin ne. Ka killace shi, ka hana yara zuwa kusa, ka kira likita, musamman idan allurar rigakafin ciwon haukarsa ta wuce lokaci.) Na sake komawa wurin Kawu. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Abu uku za ka duba. In ka shigo yana ɗaga kai ya kaɗa wutsiya? Yana cin abin da ya fi so? Yana iya tashi daga kan ƙazantarsa? In biyu sun tafi, kai kake riƙe da shi, ba shi ke riƙe da rai ba." Na sa mai gadi ya ajiye gwangwani biyu, ranar da ta yi kyau ya jefa ƙwayar masara a ɗaya, ranar da ba ta yi ba ya jefa a ɗayan. Na yi haka ne don na lura duk ranar da na je, idona abin da nake so ya gani yake gani. Bayan mako uku, masara huɗu ce a gwangwanin farko.

Abin da ya rage mini shi ne hukunci, don ba na son in ɗauki alhakin rai. Na sami malaminmu na zaure bayan sallar isha'i, ina jin nauyin kawo maganar kare a gabansa. Ya ce, "Alhaji, ai ba abin kunya ka kawo ba." Ya tuna mini cewa hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, malamai suka yi ƙiyasin na gadi a kansu, har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Ya kawo hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa aka gafarta masa. Sannan ya buɗe Muhtasar a babin yanka, ya nuna mini inda aka halatta yanka dabbar da ba a ci idan an ɗebe tsammani daga gare ta, masu sharhi suka ce don a hutar da ita. Ya ƙara da cewa Shafi'awa ba su tafi a kan haka ba, su a wurinsu a bar ta har ajalinta ya zo. Saboda haka wanda ya zaɓi ya ci gaba da jinya har ƙarshe yana da madogara, muddin jinyar yake yi. Abin da bai sami madogara ba ko a wane littafi, in ji shi, shi ne a bar dabba a ɗaure cikin yunwa da ƙishirwa, ko a kashe ta da azaba, don hadisi ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa.

Wannan ya rufe ƙofofin da aka saba bi a garinmu. A ɗauki tsohon kare a babur a kai shi daji a sake shi, wai ya nemi na kansa: karen da ke shan lita uku a yini, ƙishirwa ce za ta kashe shi, ko ya rarrafo gefen titi mota ta bi ta kansa. A zuba masa fiya-fiya a abinci: mutuwa ce ta shure-shure da kumfa da shaƙewa, ga hatsari ga yara da kaji da karnukan maƙwabta. Ko a miƙa shi ga masu saye su cusa shi a keji cikin rana.

Abin da likitan dabbobi ke yi daban ne. Allurar kwantar da jiki ce farko, kare ya yi barci. Sai a bi da maganin sa barci mai ƙarfi ta jijiya, fiye da abin da jiki zai ɗauka, numfashi ya tsaya, zuciya ta bi baya, cikin 'yan mintoci. Idonsa kan kasance a buɗe, wani lokaci ya ja dogon numfashi ɗaya ko jiki ya ɗan motsa bayan ya riga ya tafi. Gara ka san wannan tun kafin ranar. Roƙi likita ya zo inda karen yake, don tsohon da ba ya iya tsayuwa bai kamata tafiyarsa ta ƙarshe ta zama a bayan a-kori-kura ba. Kuma a tona rami mai zurfi, ya haura mita ɗaya, nesa da rijiya, domin maganin na zama a cikin naman, duk kare ko angulun da ya tono ya ci zai iya mutuwa.

Mun yi namu da sanyin safiyar wata Talata, a gindin dalbejiyar da yake kwana. Mai gadi ya dafa masa ƙwai biyu, ya lasa ɗaya ya bari. Yarana na bar su a gida, sai babban, wanda suka tashi tare, shi ya riƙe masa kai. Kafso 11 suka rage a kwali, na ba likita ya ajiye ko wani zai buƙata. Mai gadi ya ɗora duwatsu a kan ramin saboda karnukan ƙauye, sannan ya wanke bokitin fentin ya kai shi ɗakin kaji.